Masu Tsaron Fage: Tarihin Hukumar Dambe ta Jihar New York

A Amurka babu wata hukumar tarayya guda da ke riƙe da ragamar damben kuɗi. Kusan kowace jiha da tata hukumar, kuma galibinsu sun ɗauko tsarinsu ne daga wanda jihar New York ta shimfiɗa a 1920. Sunanta a takarda Hukumar Wasanni ta Jihar New York, amma ba ruwanta da ƙwallo ko tsere. Aikinta damben boksin, da kokawar nuni, da kuma, tun 2016, damben nan na gauraye da ake haɗa naushi da shuri da shaƙa. Ita ke cewa wane ya cancanci shiga fage, wane kuma ya koma gida. Wanda ya bi tarihinta zai ga cewa kusan duk wata ƙa'ida da ke littafinta, sai da wani ya mutu ko wani abin kunya ya fallasa kafin a rubuta ta. Zai kuma ga cewa ingancin ƙa'idar bai taɓa wuce ingancin mutumin da gwamna ya ɗora a kan kujera ba.

Asalin abin daga Ingila yake. A ƙarni na 18 ana dambe da tsurar hannu, ba safa, ba ƙayyadadden lokaci, attajirai na zuba caca a gefe. A 1743 wani zakara mai suna Jack Broughton ya rubuta 'yan ƙa'idoji: ba a dukan wanda ya faɗi, ba a kama mutum ƙasa da ƙugu, wanda aka kayar yana da daƙiƙa 30 ya dawo tsakiyar fage. Ana cewa nadamar mutuwar wani abokin karawarsa ce ta sa ya rubuta su. Wannan labari ne da ake bayarwa baki da baki. Abin da ya tabbata shi ne ƙa'idojin da shekarar. A 1867 aka buga ƙa'idojin da ake kira na Queensberry, waɗanda suka kawo safar hannu, da turmi na minti uku, da hutun minti ɗaya, da ƙirga goma ga wanda ya faɗi. Sai dai duk waɗannan yarjejeniya ce ta 'yan wasa da masu caca. A idon doka dambe laifi ne.

Haka yake a New York. A 1842, a wani gari da ake kira Hastings a gefen kogin Hudson, Thomas McCoy ya mutu a fage bayan ya sha duka fiye da turmi 100 a hannun Christopher Lilly, kuma aka gurfanar da waɗanda suka shirya wasan. Daga nan dambe ya koma ɓoye. Akan hau jirgin ruwa a tafi wani tsibiri, ko a tsallaka iyaka, kamar yadda John Morrissey da John Heenan suka tafi Kanada a 1858 suka kara. Morrissey ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin daga fagen dambe ya zarce har majalisar wakilan Amurka. 'Yan siyasar birnin, musamman na gungun Tammany da ke juya jam'iyyar Democrat, suna buƙatar ƙarti ranar zaɓe, 'yan dambe kuma suna buƙatar wanda zai kawar musu da idon 'yan sanda. Wannan cuɗanya ta girmi hukumar da shekara hamsin, kuma a cikinta aka haife ta.

Gwajin farko na halatta wasan shi ne dokar Horton ta 1896. Ta yarda a yi dambe da safa a cikin ginin kulob, amma ba ta kafa kowa ya sa ido ba. Kuɗi suka shigo, manyan wasanni suka zo, har James Jeffries ya ƙwace kambun duniya daga Bob Fitzsimmons a Coney Island a 1899. Tare da kuɗin sai zargin sayar da wasa ya yi yawa. Gwamna Theodore Roosevelt, wanda shi kansa ya yi dambe yana ɗalibi, ya goyi bayan soke dokar, aka kuwa soke ta a 1900. Abin da ya biyo baya ya fi muni. Masu kulob suka gano dabara: duk wanda ya biya kuɗi a bakin ƙofa ya zama ɗan ƙungiya na wannan dare, wasan kuma ya zama motsa jiki tsakanin 'yan ƙungiya. Shekara goma sha ɗaya ana dambe ba likita, ba rajista, ba wanda za a kai wa ƙara. Darasin da 'yan majalisa suka koya shi ne haramci bai hana dambe ba, ya dai hana a gan shi.

A 1911 wani sanatan jiha, James Frawley, ya kawo dokar da ta kafa hukumar karo na farko. Mutum uku ne, gwamna ke naɗa su. Su ke ba kulob lasisi, su ke karɓar wa jiha kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ƙofa. An taƙaita wasa zuwa turmi 10, aka kuma hana bayyana wanda ya yi nasara idan ba a sumar da kowa ba, a bisa tunanin cewa idan babu hukunci babu alƙalin da za a saya. Masu caca ba su rasa mafita ba: suka riƙa jiran jaridun washegari, wanda 'yan jarida suka ce ya ci, shi ya ci. Zakara kuwa, muddin ya kai ƙarshe a tsaye, kambunsa na nan ko da an yi masa jina-jina. A wannan zamani ne kuma hukumar ta yi abin da ya zama tabo a tarihinta. Bayan Jack Johnson, baƙar fata, ya doke Jeffries a 1910 kuma tarzoma ta ɓarke a biranen ƙasar, sai a 1913 ta hana baƙi da farare karawa da juna. An janye hanin bayan 'yan shekaru, amma ya nuna yadda hukumar da aka kafa don tsare lafiya za ta iya zama sandar dukan waɗanda ba su da galihu. Ƙarshen wannan hukuma bai yi kyau ba. Zargin cin hanci ya faɗa kan shugabanta, wani matashin ɗan dambe ya mutu a Albany a farkon 1917, Gwamna Charles Whitman ya sa aka soke dokar a wannan shekara.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya wanke dambe. An koyar da shi a sansanonin soja, dubban samari suka dawo gida suna sonsa, kuma ya yi wuya a ci gaba da kiransa sana'ar 'yan iska. Sanata Jimmy Walker, wanda daga baya ya zama magajin garin New York, ya ɗauki sabon ƙudiri ya kai majalisa. Ana ba da labarin cewa Gwamna Al Smith ya ce ba zai sa hannu ba sai an kawo masa wasiƙun goyon baya daga limaman coci ɗari, sai wani attajiri mai son dambe, Anthony Drexel Biddle, ya tattaro masa ɗaruruwa cikin 'yan kwanaki. Masu ba da labarin sun saɓa a kan adadin. Abin da ke rubuce shi ne Smith ya sa hannu a 1920.

Dokar Walker ita ce ginshiƙin komai. Ta yarda da turmi 15, ta dawo da hukunci ta hannun alƙalin fage da masu ba da maki biyu, ta wajabta likita a gefen fage. Babbar hikimarta kuwa ita ce lasisi. Ba ɗan dambe kaɗai ba, har manajansa, da mai shirya wasa, da mai haɗa abokan karawa, da masu tsaya masa a kusurwa, da alƙali, da mai kula da agogo, kowa sai da takardar hukuma. Wanda ya ba da takarda yana iya ƙwace ta, kuma wannan shi ne dukkan ƙarfin hukumar. Ba ta da kurkuku, ba ta da 'yan sanda. Abin da take da shi shi ne ikon hana mutum cin abinci a jihar da ta fi kowace kasuwar dambe, da ikon riƙe ladan ɗan wasa har a gama bincike. Amma dokar ta ɗora mata kaya biyu masu jan juna. Ana so ta kare ɗan dambe, ana kuma so ta jawo manyan wasanni don jiha ta samu haraji. Duk rikicin shekara ɗari da ya biyo baya, in aka tone shi, za a iske waɗannan biyu a gindinsa.

A 1921 aka naɗa William Muldoon shugaba. Tsohon ɗan kokawa ne, shi ya horar da zakara John L. Sullivan kafin karawarsa da Jake Kilrain a 1889, wasan ƙarshe na kambun masu nauyi da tsurar hannu. Mutum ne mai tsauri wanda ba a zarge shi da kwaɗayi ba, yana mulki kamar mai gida a cikin gidansa. Ƙarfin New York ya kai har ta riƙa naɗa nata zakarun duniya, abin da ya sa wasu jihohi suka haɗu a 1921 suka kafa ƙungiyarsu, wadda a 1962 ta rikiɗe ta zama WBA. Yawan kambuna da ke rikita masu kallo a yau, daga wannan gasa ya samo tushe.

Jarrabawar farko ta zo ta kan Harry Wills, baƙar fata, wanda kowa ya yarda shi ne ya fi cancanta ya kara da zakara Jack Dempsey. Muldoon ba ya son a yi wasan. James Farley, ɗan siyasar da ya karɓi shugabancin hukumar a tsakiyar shekarun 1920, yana so a yi, kuma kwamitin lasisi ya hana Dempsey takarda har sai ya fuskanci Wills. Mai shirya wasa Tex Rickard bai tsaya gardama ba. Ya kwashe wasan ya kai Philadelphia, inda a watan Satumba na 1926 mutum kimanin 120,000 suka kalli Gene Tunney ya doke Dempsey. Wills bai taɓa samun damarsa ba, New York ta yi asarar haraji, masu shirya wasa kuma suka gane cewa idan hukuma ta tsananta, akwai wata jiha a maƙwabta. Farley ya ci gaba ya zama jagoran yaƙin neman zaɓen Franklin Roosevelt. Kujerar hukumar ta zama matakala ga masu hawa, ta kuma zama tukuici ga waɗanda suka yi wa jam'iyya hidima.

Ƙananan gyare-gyare sun riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1930 Max Schmeling na Jamus ya zama zakaran duniya yana kwance, bayan Jack Sharkey ya naushe shi ƙasa da mara a turmi na huɗu, sai hukumar ta tsaya kan sa kariyar mara, ta kuma rufe ƙofar cin wasa ta wannan hanya. A 1933 Ernie Schaaf ya mutu bayan karawa da Primo Carnera. A ƙarshen shekarun 1940 aka kafa kwamitin likitoci mai ba hukumar shawara.

Zamanin da ya fi duhu shi ne na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da talabijin ya mayar da dambe abin kallo na kowane mako. Wani ɗan Mafiya mai suna Frankie Carbo, wanda ba shi da lasisin komai, shi ke juya manajoji daga teburin gidan abinci. Kamfanin IBC na James Norris, da aka kafa a 1949, ya mallake manyan filaye da kwangilolin talabijin. Ɗan damben da ya ƙi miƙa wani kaso na ladansa ba zai ga babban wasa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shugaban hukumar a farkon wannan zamani shi ne Eddie Eagan, lauya, mai lambar zinare ta Olamfik a dambe a 1920, mutum mai mutunci. Amma me lasisi zai yi wa wanda bai nemi lasisi ba? A 1947 hukumar ta ƙwace takardar Rocky Graziano don bai kai rahoton tayin cin hanci da aka yi masa ba. A wannan shekara Jake LaMotta ya sayar da wasansa da Billy Fox a Madison Square Garden. Hukumar ta yi bincike, abin da ta iya kama shi da shi kawai shi ne ɓoye rauni, ta ci shi tarar dala 1,000 ta dakatar da shi na 'yan watanni. Sai a 1960, a gaban kwamitin Sanata Estes Kefauver, LaMotta ya faɗi gaskiya da bakinsa: ya faɗi ne don a ba shi damar neman kambu.

A 1955 Gwamna Averell Harriman ya yi naɗin da, a ganina, ya fi kowane dacewa a tarihin hukumar. Ya kawo Julius Helfand, mai gabatar da ƙara daga Brooklyn wanda ya saba da shari'ar miyagu. Helfand ya kira manajoji ɗaya bayan ɗaya ya rantsar da su, wanda ya ƙi magana ya rasa takardarsa, daga ƙarshe ya haramta ƙungiyar manajojin a jihar. Doka ɗaya ce da wadda magabatansa suka riƙe. Duk da haka sai da gwamnatin tarayya ta sa hannu kafin a karya gungun: Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushe IBC a 1959, aka yanke wa Carbo shekara 25 a 1961. A 1962 hukumar ta hana Sonny Liston lasisi saboda alaƙarsa da irin waɗannan mutane, wasansa da zakara Floyd Patterson kuwa ya koma Chicago, kamar dai yadda aka yi a 1926.

A ranar 24 ga Maris 1962, ana kallo kai tsaye a talabijin, Emile Griffith ya ritsa Benny Paret, ɗan Kuba, a kusurwa a turmi na 12 ya yi ta dukansa har ya sulale. Bayan kwana goma Paret ya cika. An yi ta zargin alƙali Ruby Goldstein da jinkiri, amma tambayar da ta fi nauyi tana kan teburin masu ba da lasisi: watanni uku kafin nan Gene Fullmer ya yi wa Paret mummunan duka, wa ya ce ya warke? A waɗannan shekaru ne ɗan Najeriya Dick Tiger ya mayar da Madison Square Garden, inda aka yi wannan wasa, kamar gidansa. A can ya rasa kambu a hannun Griffith a 1966, a can kuma, kafin shekarar ta fita, ya ƙwace wani daga José Torres.

Ranar 28 ga Afrilu 1967 Muhammad Ali ya ƙi shiga soja a Houston, bisa dalilin addininsa. Kafin rana ta faɗi, ba a gurfanar da shi ba balle a same shi da laifi, hukumar New York ƙarƙashin Edwin Dooley, tsohon ɗan majalisar wakilai, ta dakatar da lasisinsa ta janye amincewa da kambunsa. Sauran jihohi suka bi sahu. Wannan zalunci ne, kuma ba shi da nasaba da lafiyar kowa ko tsabtar wasa. Lauyoyin Ali suka tono fayilolin hukumar da kanta, suka fito da jerin mutanen da ta ba lasisi alhali an taɓa ɗaure su kan fashi, fyaɗe, har da kisa. A watan Satumba na 1970 Alƙali Walter Mansfield na kotun tarayya ya yanke cewa an nuna wa Ali bambanci. Ya dawo New York ya kara da Oscar Bonavena a Disamba, sannan da Joe Frazier a ranar 8 ga Maris 1971, amma shekara uku da rabi na ƙuruciyarsa sun riga sun tafi. Kotu ce kuma ta tilasta wa hukumar ba mata lasisi, inda a 1978 Cathy Davis da Jackie Tonawanda da Marian Trimiar suka karɓi nasu.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka kwamishinoni ne hukumar. A gaskiya ranar wasa rai yana hannun ƙananan ma'aikata ne, kuma abubuwa biyu sun nuna haka. A Nuwamba 1979 Willie Classen ya mutu bayan karawa da Wilford Scypion. Makonni kaɗan kafin nan an doke shi a Landan, labarin bai iso New York yadda ya kamata ba, kuma a daren wasan an bar shi ya fito turmi na 10 bayan ya jigata. Daga nan aka tsananta horar da likitoci da alƙalai kan raunin ƙwaƙwalwa, aka wajabta ajiye motar asibiti a wurin wasa. Na biyu ya faru ranar 16 ga Yuni 1983. Luis Resto ya yi wa Billy Collins ƙarami duka turmi 10 har idanunsa suka rufe. Da aka tashi, mahaifin Collins ya miƙa wa Resto hannu, sai ya ji safar ba ta da kauri. Ashe mai horar da Resto, Panama Lewis, ya zare wani ɓangare na abin da ke cikinta. An haramta musu dambe har abada, aka ɗaure su a 1986. Collins bai sake dambe ba saboda idonsa, ya mutu a haɗarin mota a 1984. Bayan shekaru da yawa Resto ya amsa cewa har bandejin hannunsa an jiƙa da filasta.

Wannan ne ya sa aikin sufeto ya fi ƙarfin a raina shi. Shi ke tsaye a ɗakin shiri yana kallo ana naɗa bandeji, ya sa hannu a kansa. Shi ke duba safa, shi ke lura da abin da ɗan wasa ya sha, shi ke raka shi fage ya tsaya a kusurwarsa, ya kuma raka shi ya dawo a karɓi fitsarinsa. Yawancinsu ba cikakkun ma'aikata ba ne, ladan rana ake ba su. Idan aka cika wannan gurbi da yaron wani ɗan siyasa mai son kujerar gaba kyauta, to duk abin da aka rubuta a doka ya tashi a banza.

A shekarun 1980 da 1990 gwamnoni sun gwada naɗa tsofaffin zakaru. José Torres ya shugabanci hukumar daga 1984 zuwa 1988. Floyd Patterson ya hau a 1995. Tunanin yana da kyau: wanda ya sha naushi ya san zafinsa. Amma a 1998, da lauyoyi suka yi wa Patterson tambayoyi a wata shari'a, sai ya kasa tuna abubuwa na yau da kullum na ofishinsa, har da sunan wanda ya doke ya zama zakara a 1956. Ya ajiye aiki. Abin tausayi ne ƙwarai, kuma laifin ba nasa ba ne, na waɗanda suka fake da sunansa ne suna raba muƙamai a ƙasa. Shekarun da suka biyo baya sun nuna sakamakon. A Maris 1999 Lennox Lewis ya fi Evander Holyfield a idon kusan kowa, aka ce canjaras, domin ɗaya daga cikin masu maki, wadda ƙungiyar kambu ce ta gabatar da ita, ta ba Holyfield. A Fabrairu 2000 aka yi wa Arturo Gatti awon nauyi cikin gaggawa a wasan da aka ƙayyade laba 141, washegari ya shigo fage ya fi Joey Gamache girma nesa ba kusa ba, ya sumar da shi a turmi na biyu, ya bar shi da rauni a ƙwaƙwalwa. A 2010 kotu ta ce an yi sakaci a awon, ko da yake ba ta ba da diyya ba. A 2001 Beethaeven Scottland ya mutu bayan wasan da aka yi a kan tsohon jirgin yaƙi Intrepid. A lokacin manyan wasanni sun riga sun ƙaura zuwa Las Vegas, ƙarƙashin hukumar Nevada da aka kafa a 1941. Majalisar tarayya ta yi dokoki biyu, a 1996 da 2000, ta biyun da sunan Ali, waɗanda suka wajabta wa jihohi mutunta dakatarwar lafiya da wata jiha ta yi, suka kuma rage ikon masu shirya wasa a kan 'yan dambe. Amma ba su kafa hukumar ƙasa ba.

Damben gauraye kuwa New York ta rufe masa ƙofa a 1997. A watan Fabrairu kamfanin UFC ya kwashe wasansa daga Niagara Falls cikin dare ya kai Alabama, Gwamna George Pataki ya sa hannu kan haramci. Shekara 19 hanin ya yi, alhali jihohi irin su New Jersey da Nevada sun tsara wa wasan ƙa'idoji tun farkon shekarun 2000. An maimaita kuskuren 1900: wasannin masu koyo sun ci gaba a jihar ba tare da idon hukuma ba.

Daren 2 ga Nuwamba 2013 shi ne ya girgiza hukumar har gindi. Magomed Abdusalamov, ɗan Dagestan a Rasha, ya yi turmi 10 da Mike Perez, ya fito fuska a kumbure, hannu a karye. Likitocin hukuma sun duba shi sun ɗinke masa rauni, ba su sa shi a motar asibitin da ke ajiye a wurin ba. Sufeto ne ya ga jini a fitsarinsa ya ce a kai shi asibiti, mutanensa, waɗanda Turancinsu kaɗan ne, suka fita titi neman tasi. Kafin a yi masa aiki jini ya taru a ƙwaƙwalwarsa. Ya rayu, amma da shanyewar ɓarin jiki, magana ma da ƙyar. Rahoton babbar mai binciken jiha na 2016 ya sami ƙarancin horo, da rashin tsarin gaggawa, da manyan jami'ai masu karɓar kyauta daga masu shirya wasa. A 2017 jihar ta biya iyalinsa dala miliyan 22.

Dokar 2016 ta fito ne daga wannan masifa da kuma matsin masu son damben gauraye. Gwamna Andrew Cuomo ya sa mata hannu a watan Afrilu, New York ta zama jiha ta ƙarshe da ta halatta wasan. An ƙara kwamishinoni daga uku zuwa biyar. Har yanzu gwamna ke naɗa su da amincewar majalisar dattawan jiha, hukumar kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar sakataren jiha. Aikin yau da kullum yana hannun babban darakta, tare da babban likita, da mataimakan kwamishina, da sufetoci. Dokar ta kuma wajabta inshorar dala miliyan ɗaya ga kowane ɗan wasa saboda raunin ƙwaƙwalwa mai barazana ga rai. Niyyar ba ta da aibi. Sai dai kamfani irin UFC, wanda ya cika Madison Square Garden a Nuwamba 2016, bai ji nauyinta ba, ƙananan masu shirya wasa kuwa suka soke wasanninsu, jihar ta yi watanni ba boksin. Samarin da ke fara sana'a suka riƙa tafiya jihohin da ba a tsananta ba, wato waɗanda aka yi dokar dominsu su ne suka fita daga inuwarta.

Tun daga nan hukumar ta nuna haƙora a wasu wurare. A 2019 ta hana Jarrell Miller lasisi bayan an same shi da ƙwayoyin ƙara kuzari, aka maye gurbinsa da Andy Ruiz, wanda ya ba duniya mamaki ya doke Anthony Joshua. A ƙarƙashinta Kamaru Usman ya kare kambunsa na UFC a 2021, Israel Adesanya ya rasa nasa a 2022, a wannan shekara kuma Katie Taylor da Amanda Serrano suka zama mata na farko da suka jagoranci daren dambe a babban zauren Madison Square Garden. A 2024 ta soke nasarar Ryan Garcia a kan Devin Haney ta dakatar da shi shekara guda. Amma a ranar 1 ga Maris 2025, a Brooklyn, Gervonta Davis ya durƙusa da gwiwa a turmi na tara a karawarsa da Lamont Roach, alƙalin fage bai lissafa shi a matsayin faɗuwa ba, wasan ya tashi canjaras, Davis ya tsira da kambunsa. Hukumar ta ce matsalar na'ura ce ta hana a duba bidiyon cikin lokacin da ƙa'ida ta bayar. Roach ya ɗaukaka ƙara gare ta, ta bar sakamakon yadda yake.